Sunan da Ya Kai Ni Lome

Ƙarar tarho ce, ba ma mai ƙarfi ba, don kullum a lulluɓe yake da ɗan ƙyallen da na saƙa masa. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin masara na jiyo shi daga falo yana kuka ƙasa-ƙasa, kamar ɗan kyanwar da aka rufe a kwali. Daga wannan ƙarar komai ya fara. Tun da na dawo kuwa matan Islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba, wannan ta ce yaya Kwatano, waccan ta ce wai da gaske ne mata ke tuƙa babur a can, wata kuma ta ja ni gefe ta ce me ya fitar da ni har ƙasa biyu, ni da ko kasuwar Mile 12 sai an yi da gaske nake zuwa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Da na ɗaga, sai na ji shiru mai tsawo, irin na wayar da ta fito daga nesa. Can wata murya ta yi sallama, ta ce ko nan ne gidan Binta Garba. A Agege Maman Nura ake ce mini, maƙwabtanmu Yarabawa su ce Iya Nura. Rabon da a haɗa sunana da na mahaifina a kira ni tun ina sakandare. Mai maganar ya faɗi sunan layinmu da lambar gidanmu a hankali, kamar mai karantawa daga takarda, sannan ya ce, "Yaya, Haruna ne. Mijin Rabi. Ina Asiya?"

Ga waɗanda ba su sani ba, Rabi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta auri Haruna, ɗan Zangon Lome da ke aikin fata tare da maigidana, lokacin muna zaune a Mushin. Ta haifi Asiya, ba a yi arba'in ba Allah ya karɓi abarsa. Haruna ya kasa zama, ya bi hanyar hamada, aka ce yana Libiya, daga nan labarinsa ya yanke. Ni na shayar da Asiya tare da autana. Daga baya mai gidan da muke haya ya sayar da shi, muka dawo Agege. Mun ba wani direba saƙo zuwa Lome cewa mun tashi, amma ba mu taɓa jin ya isa ba. Yanzu Asiya tana aji biyu a firamare, ta san mahaifiyarta ta rasu, ta san babanta ya yi tafiya, ni kuma Mama take ce mini.

Haruna ya ce yana Italiya, a wata masana'antar jima. Ya ce uban gidansa ne ke duba masu sayar da fata a kwamfuta, shi yana tsaye a baya, sai ya ga sunan Asiya a kan wani kamfanin fata na Legas. Wani abokin aikinsa ya ce ai ana iya gano mai shi, ya danna wani wuri, sai ga sunana, ga gidanmu, ga lambar tarho. Ya yi kuka, ni ma na yi. Amma kafin ya ajiye ya ce yana so a kai yarinyar wurin mahaifiyarsa a Lome, ta tashi cikin dangin ubanta, ya kuma kwatanta mini inda za a tambayi tsohuwar. Na ce to kawai. Garin da na bari a faifai kaji suka gama da shi.

Malam, wato maigidana, ya dawo daga mayanka da yamma na faɗa masa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne adireshin. Ƙaninsa Sani, da ke zaune a Kwatano, shi ya matsa a buɗe wa sana'ar shafi a intanet don Turawa masu sayen fata su gani, Malam kuma ya sa wa kamfanin sunan Asiya, don shekarar da ta zo hannunmu kasuwa ta buɗe masa. Amma ya ja wa Sani kunne cewa kada a sa gida, kada a sa iyali. Kun dai san zaman da muke yi a garin nan tun hargitsin da aka yi, ba wanda ke son a san ƙofarsa ba dalili. Da muka samu Sani a waya ya rantse ba gida a shafin, hotunan fata ne kawai da akwatin saƙo. Washegari ya bugo da sanyin murya, ya ce akwai wata rajista a bayan shafin da shi ma bai san kowa na iya gani ba, kuma tun da sunana ne a ciki, ni kaɗai zan iya zuwa Kwatano in sa hannu a canza.

Game da Asiya, Malam ya ce ya tambayi limamin unguwa, an ce a littafi riƙo yana ɓangaren uwa, amma ni da shi mun san yadda al'ada take, kuma ba ma son ranar da za a ja yarinya tsakanin gida biyu. Ni dai a raina abin da nake gani shi ne ƙofa ce aka bari a buɗe, in na je na rufe ta komai zai koma yadda yake. Bayan Babbar Sallah ne, fatun layya sun cika rumbu, Malam ba shi da halin motsi. Sai ya damƙa ni a hannun gwaggonsa, Hajiya Delu, wadda ta shekara da shekaru tana saro atamfa daga Kwatano da Lome.

Mun fita bayan asuba. Motar danfo zuwa Oshodi, wani danfon zuwa Mile 2, daga nan muka shiga tasi mai zuwa kan iyaka. Hajiya Delu ta karɓi gaba, ni na zauna a baya kusa da wata Bayarabiya mai fara'a da ta ɗora kwando a cinya ta rufe da ganye. Mun wuce Badagry ke nan Hajiya ta ce wani abu mai sanyi yana taɓa mata ƙafa. Ashe dodon koɗi ne a kwandon, sun sulale sun bazu a ƙasan mota. Hajiya ta ɗage ƙafafu sama tana salati, matar tana ba da haƙuri tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana kiransu 'ya'yanta, direba kuwa ya ce duk wanda ya kai gabansa ya zama nasa. Wannan ce dariyata ta farko tun ranar da tarho ya yi ƙara.

A Seme a ƙafa ake ƙetarawa. Rana ta buɗe, ga 'yan canji a jere ƙarƙashin lema, yawancinsu Hausawan Nijar, suna kiran Hajiya da Mama Lome, kowa na tambayarta jikoki. Hausarsu ta ba ni sha'awa. Makaranta lakwal ce, kwastan duwan, wani ya tambaye ni ko ina da kartidanti, sai da Hajiya ta ce katin shaida yake nufi. Na miƙa fasfon da muka yi da niyyar Hajji, ma'aikacin ya karanta sunana da ƙarfi, ya dube ni, ya buga hatimi, ya miƙo mini abina. Na lura da wannan sosai. Nan da hannuna na ba da sunana, ina ganin wanda ya karɓa, kuma ya dawo mini da shi na sa a jaka.

Kwatano gari ne na babura. Masu okadarsu zemijan ake ce musu, duk da riguna ruwan ɗorawa, ga mata kuma da nasu baburan, da goyo, da kaya a gaba, ba wanda ke kallonsu. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, da farko na ɗauka man gyaɗa ne. Hajiya ta so mu hau zemijan, na ce ta yi mini rai, muka nemi tasi, tana mita har muka isa. Masaukinmu a Zango ne, gidan wata Bamaraɗiya da ke sauke mata 'yan kasuwa, ɗaki ɗaya babba da tabarmi, famfo ɗaya a tsakar gida, kowa da ƙullin kayanta a matashin kai. Da safe aka kawo mana dogon biredi mai tauri kamar sanda da kofi a kwano, ba a kofin shayi ba. Na rasa ta inda zan kama, sai na ga ana tsoma biredin ne a ciki. Da rana kuma akasa, wato agidinsu na masara, da soyayyen kifi da wani ɗanyen yaji da ya sa ni hawaye. Soyayyen naman layyar da na ƙullo shi ya cece ni, shi ya kuma sama mini ƙawaye a ɗakin.

Sani ya zo ɗaukata yana sunkuyar da kai, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce ga matar da duniya ta sani, har Italiya ana kiran sunanta. Na ce ya bari mu koma Agege, zai ci tuwo ba miya har ya yi aure. Muka tafi shagon mutumin da ya yi aikin, Mushe Feliks (mushe shi ne malam a Faransanci), muka tarar a kulle. Ashe a can da tsakar rana ake rufe ko'ina, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Na tuna Oshodi, na ce a raina da za a gwada wannan a Legas da an ɗauka wani abu ya faru. Muka zauna a inuwar wani shago muna kallon titi har ya dawo.

Mushe Feliks dogo ne siriri, mai ladabi, Faransanci yake yi Sani yana mayar mini. Ya ce duk mai son suna a intanet haya yake karɓa daga wani kamfani a ƙasar waje, shekara-shekara, kamar rumfa a kasuwa. Su kuma sai sun rubuta wane ne mai shi, ina yake zaune, wace lamba za a kira, wane akwatin saƙo za a aika wa, don in wata matsala ta taso a san wanda za a nema. Ya ce ya tambayi Sani waɗannan abubuwa, Sani ya ba shi. Na juya na dubi Sani. Ya ce shi lissafin da ya yi, Malam ba ya jin Turanci, ni kuwa na yi makaranta kuma kullum ina gida, in Turawan kamfanin suka kira ni zan fi iya amsawa. Ya ɗauka takarda ce za a jefa a durowa, irin fayil ɗin asibiti.

Mushe Feliks ya rubuta sunan kamfaninmu a wani ɗan gurbi, ya danna. Aka ɗan jira, sai ga shi ya fito, baƙin rubutu a kan fari. Sunana da na mahaifina, Allah ya ji ƙansa, layinmu, lambar gida, tarhon da ke ƙarƙashin ƙyallena. Ba a tambaye shi ko shi wane ne ba, ba a tambaye shi me zai yi da shi ba. Na ji kamar an yaye labulen ɗakina ina tsaka da canza zane. Don ya nuna mini ba ni kaɗai ba ce, ya rubuta wani suna daban, sai ga wata mata a Japan da titinta da lambarta. Na ce ya rufe. Na ji kunyar matar, na leƙa mata gida ba sallama, ita kuma tana can ba ta sani ba.

Na tambaya ko za a iya gogewa. Ya ce ba a barin wurin babu komai, kuma in aka sa ƙarya suka gano suna iya ƙwace sunan. Na ce ni ma ba ƙarya nake so ba. Muka daidaita a sa sunan kamfani a madadin nawa, akwatin gidan waya a madadin gida, lambar shagon Sani a madadin tamu. Amma kafin su yarda sai na sa hannu, an kuma aika musu hoton fasfona ta faks. Wato don in ɓoye sunana sai da na ƙara musu da fuskata. Ya ce amsa takan ɗauki 'yan kwanaki. Sannan ya ce duk wanda ya riga ya gani ya kwafa, nasa ne, ba mai iya karɓowa, har akwai masu tara irin waɗannan adireshi suna sayar wa 'yan talla. Sai a lokacin na fahimci wasu wasiƙun Turanci da suka riƙa zuwa mana, waɗanda nake kunna risho da su. Na kuma fahimci babban abin: ko an goge komai yau, lambarmu tana aljihun Haruna.

Na koma masauki. Hajiya Delu ta ce ita gobe Lome za ta, in ina so in zauna in jira ta. Tana ɓare goro ta ce tsohuwar nan, mahaifiyar Haruna, dai ba za ta ƙaura daga duniya don na ƙi ganinta ba, gara in je da ƙafata in ga da wa nake magana. Na sa Sani ya bugo wa Malam na nemi izini, ya ce in je, Allah ya sa a dace. Na yi istihara, da safe na bi ta.

Hanyar Lome gefen teku take bi, ga itatuwan kwakwa, ga mata suna shanya ƙananan kifi a ƙasa. Mun sake ƙetare wata iyakar, wannan ba hayaniya kamar Seme. Da muka shiga gari na ga agogon wani masallaci, na ce wa Hajiya agogonsu ya lalace, yana baya da awa guda. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce nawa ne ya yi gaba, a ƙasar nan haka lokacinsu yake. Na ce to, yau na ga garin da aka ƙara mini awa kyauta, ni kuma ba abin da nake so kamar ranar ta wuce.

Zangon Lome yana can bayan gari. Gidajen ba lamba, layukan ba suna. Kwatancen da Haruna ya ba ni shi ne in tambayi Inna Ladi mai koko kusa da rumfar mahauta. Muka sami wani dattijon mahauci, muka gaisa, na tambaya. Bai nuna ba. Ya ce daga ina, muka ce Legas. Ya ce wa ya aiko mu, me ke tsakaninmu da ita, lafiya dai ko. Sai da Hajiya ta ce surukai ne, sannan ya ajiye wuƙa, ya ba mu benci, ya tafi da kansa ya sanar da ita, ya dawo ya ce ta ce mu shigo. Gidan kuwa ga shi nan, da ya miƙa hannu da ya taɓa katangarsa. Ina zaune a bencin nan ina tuna gurbin Mushe Feliks da ba ya tambayar kowa komai.

Inna Ladi ƙaramar tsohuwa ce, yana ta rufe mata ido, sai dai ta ga inuwar mutum. Da na faɗi ko ni wace ce, ta kamo fuskata da hannu biyu tana shafawa, ta ce goshin Rabi ne. Ta sa aka kawo mana koko mai kanwa da ƙosai, ta hana mu magana sai mun sha. Sannan ta ba mu labari. Ashe ta taɓa zuwa Legas nemanmu, lokacin idonta na gani. Saƙon direba bai iso ta ba. Ta je Mushin ta tarar da wasu mutane a gidan da ba sa jin Hausa, ta wuce Mile 12 tana bin masu albasa da masu tumatir tana tambayar mai fata mijin Binta, kowa ya ce bai sani ba, guzurinta ya ƙare ta dawo. Ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado ta fito da 'yan kunne na jarirai da wata 'yar riga da ko hannun Asiya ba zai shiga ba yanzu. Ta ce ta san ta yi kaɗan, ta dai kasa bayarwa ne.

Ta yi ta tambaya. Tafiyar wa ta ɗauko, tana da wushirya irin ta ubanta, wace sura take, tana cin yaji, wa ke mata kitso. Na ce ni. Ta ce in ta yi mafarki ta farka wa take kira. Hajiya Delu ce ta ce, wa kuwa za ta kira. Tsohuwar ta yi ta murza 'yan kunnen a tafin hannu.

"Haruna ya bugo gidan maƙwabta ya ce za a kawo mini ita," in ji ta. "Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba, har na sa an gyara gado. Amma 'yar nan, ni da ba na ganin bakin murhu, in karɓi yarinya in yi yaya da ita? Ita za ta riƙe ni, ba ni zan riƙe ta ba. Shi yana can, yana so ya ji ya yi wani abu ne. Ki bar ni da shi."

Na durƙusa na kama ƙafarta, ta ɗaga ni. Ta ce abu ɗaya take roƙo, kada mu sake ɓace mata. In za mu tashi, a zo a faɗa mata da baki, kada a ba direba.

Ni da na baro Agege don in rufe ƙofa, sai ga ni zaune ina kwatanta wa tsohuwa gidanmu dalla-dalla: inda za ta sauka a danfo, masallacin da za ta bari a hannun dama, mai gasa masara a bakin layi, koren ƙyaure. Na sa ta maimaita, na sa jikar maƙwabciyarta ta rubuta lambar tarho a bango kusa da gadonta. Duk abin da na gani a kwamfutar Mushe Feliks ya tsorata ni, shi na ba ta har da ƙari, kuma zuciyata wasai. Mun kwana a gidanta, ta ba ni gadon da ta gyara wa Asiya.

Da muka dawo Kwatano amsa ta zo. Mushe Feliks ya sake danna gurbin, sunana ya tafi, sai sunan kamfani da akwatin gidan waya. Ya ce in Malam zai sabunta haya a shekara mai zuwa a sake dubawa, don wani lokaci tsohon bayani kan dawo. Sani ya ce shi ke nan, na koma matar da ba wanda ya sani. Na ce haka na fi so, kuma maganar tuwo ba miya tana nan. Ya rako mu har Seme da dogon biredi a hammata, wai tsarabar yara. Kafin mu kai Agege ya bushe, sai da na jiƙa shi a shayi suka iya ci.

Masu tambaya ko maganar ta mutu, ban ce ta mutu ba. Haruna yana bugowa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce ya ji maganar mahaifiyarsa, a bar ta a hannuna tukuna. Wannan tukunar ina jinta, amma na bar wa Allah. Mun yi da shi in an yi dogon hutu zan kai ta Lome ta kwana biyu, Inna Ladi kuma za ta biyo Hajiya Delu bayan damina. Ku kuma da mazajenku ko 'ya'yanku suka fara maganar buɗe shafi a intanet, ku tambaya sunan wa za a rubuta a rajistar da ke baya, da wane gida, da wace lamba. Ba a shafin da ake nuna muku abin yake ba.

Ranar da na dawo, bayan an ci abinci an watse, na zaunar da Asiya tsakanin ƙafafuna ina tsefe mata kai, don kitson da na bari ya tsufa. Na ba ta 'yan kunnen da 'yar rigar, ta yi ta juya su tana dariyar ƙanƙantarsu. Na ce mata kakarta ce ta aiko, mahaifiyar babanta. Na ce babanta yana da rai, yana wata ƙasa mai nisa, shi da kakarta sun daɗe suna nemanmu ba su same mu ba, sai yanzu Allah ya sa suka gano inda muke. Ta kwantar da kai a gwiwata har na ɗauka barci ya fara ɗaukarta. Can ta ɗago kai, ta dube ni a karkace, tsinken tsifa yana maƙale a gashinta.

"Mama, ashe ɓata muka yi? Ni ai ina gida."